Sau Bakwai Na Wanke Masa Cizon

Assalamu alaikum 'yan'uwa mazauna Kudu. Na fi mako biyu ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma manyanmu na kasuwa sun roƙe ni in bar maganar nan ta kwanta, kada a sake tayar wa Hausawan Inugu da hankali. Na ji maganarsu, na yi shiru iya iyawata. Amma akwai wani bawan Allah da yake yawo da shaidar haƙoran ƙanena a hannunsa. Bai san abin da hakan ke nufi ba, ni kuma ban san ko sunansa ba. Saboda shi na zauna rubutun nan. Manya su yafe mini.

Sunana Iliya, ina sayar da albasa a kasuwar Ogbete da ke Inugu. Ƙanena Nasiru ni na taho da shi daga gida shekara shida da suka wuce, ya yi aure, muna haya gida ɗaya a unguwar Abakpa, ɗakinsa na kallon nawa. Shi mai raha ne, ni kuwa kowa ya san ni da yawan kokwanto. In na idar da salla sai in zauna ina tunanin ko raka'a uku na yi. Shi ya sa yake ce mini Yaya Waswasi.

Wata safiya muna sauke buhuna, wani ramammen kare ya fito daga ƙarƙashin motar da ta kawo kayan. Bai yi haushi ba. Ya zo kai tsaye ya kama Nasiru a ƙwauri, ta saman wando. 'Yan dako suka bi shi da itace suka kashe, aka jefa shi a bola. Ciwon ba wani babba ba ne, huji biyu ne da ɗan karce.

Ga abin da ya zo mini a rai a lokacin, ba zan ɓoye ba: yawun kare ya taɓa jikinsa da tufafinsa, azahar kuma tana tafe. Na zaunar da shi a kan buhu, na ɗauko buta, na je gindin katanga na ɗebo ƙasa inda na ga ba a tattaka ba. Na goga masa ƙasar a kan ciwon, sannan na bi da ruwa, ina ƙirgawa da ƙarfi.

"Yaya, bakwai fa ta cika."

"Shida ne."

"Wallahi bakwai ne. Kai ko ƙuda ne ya sauka a kanka sai ka sake alwala."

Na ƙara ɗaya don in samu natsuwa. Mama Chidi, wata Inyamura mai sayar da ganye kusa da rumfarmu, tana tsaye tana kallonmu, hannu a ƙugu. Ta ce, "Aboki, carry am go hospital o. That dog no well." Wato in kai shi asibiti, karen nan ba lafiyayye ba ne. Na ce mata, "Mama, we don wash am," wato ai mun wanke. A raina ina cewa wannan ba ta san tsarki ba.

Da rana har waya na buga wa limaminmu. Na tambaye shi ko wandon da kare ya kama ana iya salla da shi in an wanke. Ya ce ana iya. Abin da na tambaya shi ya amsa mini. Ban ce masa haƙoran sun shiga nama ba. Da yamma muka biya kemis, aka yi wa Nasiru allurar da ake yi wa wanda ya taka ƙusa, aka manna auduga. Muka koma gida muna cewa ai an yi allura.

Mako na biyu ciwon ya bushe. Mako na uku ko tabon sai an duba. Nasiru ya ci gaba da sauke kaya, yana cin tuwonsa, yana tsokanar matarsa Hauwa. Muka manta da kare kaf.

Bayan mako bakwai ya fara susar wurin. Ya ce kamar tururuwa ke tafiya a cikin ƙafar, daga ƙwauri zuwa cinya. Zazzaɓi ya biyo baya, da ciwon kai. Mai kemis ya ce maleriya ce, ya ba da magani na kwana uku. Ba sauƙi. Muka je wani ƙaramin asibiti, muka yanki kati, muka zauna a benci tun safe har bayan azahar. Da layi ya zo kanmu, wanda ya duba shi ko minti biyar bai yi da mu ba. Ya ce taifot, ya rubuta wasu ƙwayoyin. Bai tambaye mu kare ba, mu ma ba mu faɗa ba. Ina da ƙorafi a kansa, amma nawa laifin ya fi.

Ranar Laraba da la'asar muna alwala a tsakar gida, ya kai ruwa baki zai kurkure. Sai na ga wuyansa ya ɗaure, idonsa ya fito, ya watsar da ruwan ya ja da baya har ya bugi bango. Ya tsaya yana haki kamar wanda aka tsamo daga rijiya.

"Mene ne?"

"Ban sani ba, Yaya. Ƙishi nake ji kamar in mutu. Amma in na gan shi, maƙogwarona rufewa yake."

Daga ranar ko ƙarar zuba ruwa a bokiti ba ya so. Hauwa ta koma yin wanke-wanke a bayan gida. Fanka ma sai da aka kashe, ya ce iskar tana shaƙe shi. Yawu ya yi masa yawa, ba ya iya haɗiyewa, muka ajiye masa gwangwani.

Nan shawarwari suka fara zuwa ta waya. Yayarmu Rabi da ke aure a Fatakwal ta ce sammu ne, kasuwarsa ce ta buɗe aka sa masa ido. Innarmu daga gida kuka kawai take, tana cewa in sako mata shi a mota. Kawu Garba, ƙanen mahaifiyarmu da ya daɗe a Anacha, ya ce a fara ba shi rubutu. Na samo rubutun, na wanke allon da hannuna, na kawo a kofi. Nasiru ya yi ƙoƙari, Allah ne shaida. Ya riƙe kofin da hannu biyu, ya rufe ido, ya yi bismilla. Kafin ya kai leɓe jikinsa ya ɗauki rawa, kofin ya faɗi.

Na buga wa Kawu na gaya masa. Ya ce, "To ka gani? Mai lafiya zai ƙi ayar Allah? Ba shi ba ne, wanda ke jikinsa ne ba ya so. Ka kawo shi Anacha, akwai malamin da ya san aikin nan." Na yarda nan take. Duk wanda ke tsakar gidan ya yarda. Abin ya hau daidai da abin da muka sani.

Ranar Asabar da hantsi muka je tasha, ni da shi. Na sa shi kusa da taga, yana lulluɓe da mayafi, shiru. Motar ta kusa cika sai wata mai tallan fiya wata ta turo leda ta tagar, sanyin ruwan ya ɗiga masa a wuya. Ban taɓa jin ɗan Adam ya yi irin ƙarar nan ba. Ya tsallake mutane ya faɗo waje, yana birgima, yawu na zuba, haƙoransa na haɗuwa ƙas-ƙas. Fasinjoji suka fita ta ƙofa da taga. Sai wani saurayi ya yi ihu, "Zombi! E don turn zombi!" Kalmar ta zagaye tashar. Ni a lokacin ban san ta ba. Daga baya aka gaya mini wai a finafinan Turawa gawa ce ke tashi tana cizon mutane, wanda ta ciza shi ma ya koma haka.

Mutane suka yi da'ira daga nesa, kowa ya ɗaga waya. Har da namu a ciki, masu hula, na gane fuskokin wasu. Wani ya ɗauko dutse. Direba ya wurgo mana jakarmu. Ina riƙe da kafaɗun Nasiru ina cewa ku taimaka mini, ƙanena ne, ba shi da lafiya, da Hausa da Turancin da na iya. Ba wanda ya matso.

Sai wani dogon mutum ya ajiye buhun da ke kansa, ya ratso mutane ya durƙusa. Da Sakkwatanci ya yi magana.

"Ɗan'uwanka na?"

"Ƙanena ne."

"To riƙe ƙafafu, ni in riƙe kai, kar shi fasa ma kainai."

Ya tallafi kan Nasiru ya ɗora a cinyarsa yana karanta masa addu'a. Ya ga yana neman datse harshensa, sai ya kai hannu zai gyara masa haɓa. Nan haƙoran suka kama shi, tsakanin babban yatsa da manuni, hannun hagu. Jini ya fito. Bai saki kan ba har jikin ya lafa. Shi ya tsayar mana da keke mai ƙafa uku, ya yi ta magiya har mai keken ya yarda, ya kama muka sa Nasiru a ciki. Na ce, "Malam, hannunka." Ya duba, ya goge da gefen riga, ya yi dariya. "Ba komi. Kai dai tai da shi asibiti, wanga ba na mota ba na." Na ce daga ina yake. Ya ce busasshen kifi yake kaiwa tsakanin Anacha da Fatakwal. Keke ya ja. Ban tambayi sunansa ba. Ni da nake ƙirga komai sau biyu.

A babban asibiti sai da muka jira aka nemo gado. Likitar da ta zo mace ce, Inyamura, ta yi bautar ƙasa a Arewa, tana jin Hausa kaɗan-kaɗan. Ta dube shi daga bakin ƙofa, ta sa aka kawo kofin ruwa, ta ga abin da ya yi, ta sa aka fitar da kofin da sauri. Ta ja ni gefe.

"Kare ya cije shi?"

Na ce ya cije shi, amma an daɗe, ya warke, mun wanke, an yi allura. Ta tambayi wace allura. Na gaya mata. Ta tambayi da me muka wanke. Na gaya mata wannan ma. Ba ta yi mini faɗa ba, na fi son da ta yi. Ta ce sunan ciwon rebis, wato haukan kare. Ta ce da an wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa an daɗe ana wankewa, aka zo aka yi allurar cizon kare a ranar, ko a cikin makonnin nan da yake lafiya, da yanzu yana kasuwa. Sannan ta faɗi maganar da har gobe take kunnena: "Baba, in ruwa ya fara ba shi tsoro, mu likita mun makara."

Na ce a yi masa ko mene ne, zan sayar da abin da na mallaka. Ta girgiza kai. Ta ce abin da ya rage shi ne a rage masa wahala.

Aka sa shi a ɗaki shi kaɗai a ƙarshen baranda, aka rufe labule. Aka ba ni safar hannu da abin rufe fuska. Wasu ma'aikatan daga bakin ƙofa suke miƙo magani su juya. Amma akwai wani nas, dattijo, da yake shiga ya gyara masa shimfiɗa, ya goge masa baki, yana ce masa "my brother". Allah ya saka masa. Hauwa kuwa wuni take a bakin taga, ta ɗaga gefen labule.

Abin da mutanen tasha ba su gani ba, kuma wayoyinsu ba su ɗauka ba, shi ne tsakanin tashin ciwon hankalinsa garau yake dawowa. Ya san ni, ya san ranar da ake ciki. Shi da bakinsa ya ce a ɗaure masa hannuwa a jikin gado, kada ya ji wa wani. In lokacin salla ya yi sai in kwance masa hannu, in miƙa masa dutsen da na tsinto a harabar asibiti ya yi taimama, ya yi sallarsa a kwance. Ranar Litinin ya dube ni ya ce, "Yaya Waswasi, yau raka'a nawa na yi?" Na ce huɗu. Ya ce, "Ka tabbata?" Ya so ya yi dariya, wuyan ya hana shi.

Na ce masa ya yafe mini, ni na cuce shi da ƙasa da buta. Ya ce, "Ni yaro ne? Ƙafata ce, ni ma ban je ba." Can ya ce, "A tasha na ciji mutum ko?" Na so in ce a'a. Na ce e. Hawaye ya gangaro masa ta gefen ido. "Wanda ya riƙe mini kai?" Na ce shi. Ya ce, "Ka nemo shi, Yaya. Don Allah ka nemo shi."

Na kai wa likita maganar. Ta ce gaskiya ba a cika ganin mutum ya ɗauka daga mutum ba, daga kare ake ɗauka. Amma cizo ne da ya fitar da jini, daga bakin mai ciwon da ya kai wannan matsayi, ita ba za ta yi caca da ran kowa ba. A nemo shi a yi masa allura tun bai ji komai ba. Ni da Hauwa ma ta sa aka fara mana, saboda yawun da muka sha taɓawa da hannu. Allurar babu ita a asibitin, sai da na zaga wuri uku kafin na samu, da tsadar da na tabbata talaka da yawa zai haƙura ya koma gida. Wannan ma ƙorafi ne, ban san wa zan kai wa ba.

Muna can ciki, a waje hoton tasha ya gama gari. Aka ce Hausawa sun kawo cutar da ke mayar da mutum zombi. Aka ce mutum goma ya ciza. Aka ce a albasa take. Kwana uku layinmu a Ogbete ba mai tsayawa, kaya suka fara ruɓewa, har na waɗanda ba su san Nasiru ba. Masu okada in sun ga hula sai su wuce. Mai gidan da muke haya ya aiko a gaya mana mu nemi wani wuri. Ban ga laifin 'yan gari sosai ba, tunda a masallacinmu ma da na shiga sahu sai da aka bar gibi dama da hagu. Mutumin da muka yi shekara goma muna cin abinci kwano ɗaya na miƙa masa hannu, ya dafe ƙirji daga nesa.

Na ji samarin rumfa suna gardama, wai in abin fim ɗin nan ya faru da gaske ya za a yi. Wani ya ce sojoji za su gama da su a mako guda. Wani ya ce shi motar Arewa zai hau tun ranar farko. Ni na ga mara lafiya guda ɗaya, ɗaure a gado, ko ruwa ba ya iya haɗiya, ya hana kasuwa ci, ya raba sahu, ya sa maƙwabci ya rufe wa maƙwabci ƙofa. In da ɗari ne fa? Ba na jin cizon ne zai fara gamawa da mu. A tasha cike da mutane, mutum ɗaya ne ya ajiye kayansa.

Ranar Laraba Nasiru ya daina magana. Ranar Alhamis bayan la'asar ya cika, ina riƙe da hannunsa ta cikin safa. Kwana takwas rabonsa da ruwa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Masu wankan gawa na unguwa suka ce ba su samu dama ba. Liman da kansa ya zo, ya tambayi likita yadda za a yi, ya sa safa, muka yi masa wanka mu biyu. Da na zuba masa ruwa a fuska ya kwanta shiru bai motsa ba, nan ne kuka ya ƙwace mini. Liman ya bar ni na gama kukana. Da muka fito ya ce, "Iliya, da ka ce mini ya huda shi, da na ce ku tafi asibiti. Tsarki daban, magani daban. Ni ma da na tambaya." Ranar Juma'a ya faɗi haka a huɗuba, bai ambaci sunana ba. Sahu biyu ne suka sallaci Nasiru. Mama Chidi ta zo gaisuwa har Abakpa da kular shinkafa, ta zauna kusa da Hauwa ta riƙe mata hannu. Ba ta tuna mini abin da ta faɗa ba.

Tun da aka yi addu'ar uku nake nema. Na koma tashar nan sau tara. Na je Anacha, Kawu Garba ya zaga da ni wurin masu kifi, yana tafe yana share ido. Na je Fatakwal, mijin Rabi ya kai ni Kasuwar Creek Road rumfa-rumfa. Kowa ya ce dogayen Sakkwatawa masu kifi ai suna da yawa. Na nemi hoton tashar ma na kalla, abin da na rantse ba zan yi ba. Bayansa kawai aka ɗauka.

Ga kamanninsa. Dogo ne, baƙi, siriri, zai yi shekara arba'in. Yana da ɗan gemu da furfura kaɗan a ciki. Ranar yana sanye da shuɗiyar riga mai gajeren hannu da hular saƙi. Ciwon yana hannun hagu, tsakanin babban yatsa da manuni, wataƙila yanzu ya warke. Warkewar ba ta nufin komai, na Nasiru ma ya warke. Ranar Asabar ce da hantsi, a tashar motocin Anacha da ke Inugu.

Wanda ya san shi, ko ya ji wani ya ba da labarin ya riƙe mara lafiya a tasha an cije shi, don Allah kada ya tsaya nemana tukuna. Ya kama hannunsa ya kai shi babban asibiti, a ce allurar cizon kare ake so, ba ta ƙusa ba. In ya ce ba komi, kada a yarda. In kuɗi ne babu, ni zan biya. Bayan nan a aiko mini ta bakin masu albasa na Ogbete, a ce Iliya yayan marigayi Nasiru, kowa ya sani. Direbobi da masu kifi, ku karanta wa waɗanda ba sa karatu.

Nasiru ya yi mako bakwai lafiya ƙalau kafin ya fara susa. Yau kwana ashirin da shida da cizon mutumin nan.